Hutun Golf a Bakin Teku: Yadda Ɗan Kano Zai Shirya Zaman Otal Mai Komai-a-Ciki

Duk mai buga golf a Kano ya san lokacin da sha'awar tafiya take taso masa. Watan Maris ya kama, rana ta buɗe, ciyawar fili ta bushe ƙamas, kafin ƙarfe goma na safe mutum ya fara neman inuwar darbejiya. Sai wani aboki ya turo hoto ta WhatsApp: fili kore shar, bishiyoyin kwakwa a jere, teku a bayansu. A ƙasa an rubuta cewa sau ɗaya za ka biya, ɗaki da abinci da abin sha duk suna ciki.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu shi ne, ba don irinmu aka ƙirƙiro tsarin komai-a-ciki ba. An yi shi ne don baƙon da zai wuni a gefen ruwa yana ci yana sha, kuma kaso mai tsoka na farashin kuɗin giya ne. Kai kuwa rabin yininka a fili zai ƙare, giya ba ta gabanka, sannan golf ɗin da ya fito da kai daga gida sau da yawa ba ya cikin abin da ka biya. Tsarin yana iya yi maka riba sosai, yana kuma iya cinye maka kuɗi a banza. Tambayoyin da ka yi kafin ka tura ko sisi su ne za su raba gardama.

Zaɓi ƙasa ta hanyar jirginta

Za ka ga tallan Punta Cana ta Jamhuriyar Dominika da Cancun ta Meksiko ya cika intanet. Wuraren suna da kyau, amma mai fasfon Nijeriya ya fara tunanin hanya tukuna: yawanci sai an ratsa Turai ko Amurka, kuma ko sauya jirgi kawai za ka yi a ƙasashen Shengen na Turai sai da bizar wucewa. Ni a ganina wahalar ta fi ƙarfin hutun mako guda. Gabashin Afirka da tsibiran Tekun Indiya sun fi mana sauƙi. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, Ethiopian Airlines na zuwa Addis Ababa, daga can akwai jirgin Mombasa da na Zanzibar. Qatar Airways na bi ta Doha, EgyptAir ta Alƙahira.

A Kenya, gaɓar Diani da ke kudu da Mombasa tana da otal-otal masu wannan tsari, ga fili mai rami 18 na Diamonds Leisure, wanda a da ake kira Leisure Lodge, a nan cikin garin. A Mombasa akwai filin Nyali, can arewa a yankin Kilifi kuma akwai Vipingo Ridge, wanda ya karɓi baƙuncin gasar mata ta Magical Kenya Ladies Open. Zanzibar ta fi daɗin zama ga iyali Musulmi, sai dai golf ɗinta kaɗan ne: filin Sea Cliff rami tara ne, wanda ya zo don wasa zai ƙoshi da shi cikin kwana biyu.

Morishus ce uwa ma ba da mama a wannan harka. Otal ɗin Constance Belle Mare Plage kaɗai yana da filaye biyu, Legend da Links. Akwai filin Anahita da gwanin golf Ernie Els ya zana, akwai na tsibirin Ile aux Cerfs da wani gwanin, Bernhard Langer, ya zana, wanda sai an shiga kwale-kwale ake isa, ga na Heritage a Bel Ombre. Ta fi tsada, ta fi nisa, yawanci sai ka sauya jirgi sau biyu ko ka faro daga Legas ko Abuja. Wanda zai fara irin wannan tafiya, Diani nake ba shi shawara. Wanda wasansa ya zauna kuma aljihunsa ya yarda, ya nufi Morishus.

Lokacin tafiya

A gaɓar Kenya da Zanzibar babbar damina tana sauka daga Afrilu zuwa farkon Yuni, ƙaramar kuma wajen Nuwamba. Otal na karya farashi a lokacin, amma araha ba ta ado idan fili ya jiƙe aka hana motar fili, wato 'yar motar da 'yan wasa ke hawa tsakanin ramuka, shiga. Yuli zuwa Oktoba ya fi daɗi. Morishus tana kudu da layin da ya raba duniya, don haka zafinta daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, kuma guguwar teku ta fi yawa tsakanin Janairu da Maris. Daga Mayu zuwa Oktoba gari na da sanyi-sanyi, sai dai iska na kaɗawa da ƙarfi a gabas da kudancin tsibirin.

Kauce wa ƙarshen Disamba. Turawa sun cika ko'ina, farashi ya hau, wasu otal ɗin ma suna ɗora kuɗin liyafar Kirsimeti da ta sabuwar shekara dole, ko ka je ko ba ka je ba. A nan gida kuma lokacin hazo ne, jirgi yana iya kasa sauka a Kano, kwanan otal ɗin da ka biya ya tafi. In dai tafiyar hunturu ce, kada ka ajiye lokacin wasa a washegarin isarka.

Abin da ke ciki da abin da ba ya ciki

A nan gizo ke saƙar. Kada ka yarda da maganar baka, ko daga wa ta fito. Rubuta wa otal ɗin da kanka ta imel, ko ka sa ejan ɗinka ya rubuta ya nuna maka amsar. In ya ce, "Alhaji, ai komai na ciki, kada ka damu," ka ce masa, "Na yarda Malam, amma a sa su rubuto mini, in gani da idona." Ejan na gari ba ya jin haushin wannan.

Tambaya ta farko kuɗin shiga fili. Yana ciki? In yana ciki, sau nawa: kullum, ko sau biyu ko uku a tsawon zaman? A wane fili? Wasu otal-otal suna ba baƙinsu wasa kyauta amma sai bayan wani lokaci na rana, safiyar da kowa ke so kuwa da kuɗi. Sai motar fili. Akwai filayen da doka ce sai ka hau ta, kuma kuɗinta daban, kullum. Mutum yana murnar an yafe masa kuɗin shiga, ranar tafiya ya tarar kuɗin mota na kwana shida ya taru ya zama wani abu. Haka kadi, mai ɗaukar jaka: a Kenya shi ne al'ada, ana biyansa ladansa a kuma ƙara masa na goro, kuma ba otal ke biya ba. A Morishus motar ta fi yawa.

Sai nisa. Duk wanda ya taɓa biyan kujerar Umara ya san bambancin masaukin da ke ƙofar Harami da wanda aka ce "yana kusa" amma sai an hau bas. To haka nan ma. Tambayi minti nawa ne daga ƙofar ɗakinka zuwa ramin farko, wa zai kai ka, ƙarfe nawa motar farko take tashi, kuma kyauta ce ko a'a. In motar otal ba ta tashi sai takwas, wasan sanyin safiya ya wuce ka ke nan.

Tambayi abinci ma. Gidan cin abincin da ke filin golf yana cikin tsarin? Sau da yawa ba ya ciki, ko da filin na otal ɗin ne. Ka gama wasa ƙarfe ɗaya, yunwa na cinka, ka sayi abinci a can alhali ka riga ka biya na rana a otal. Ƙarfe nawa ake buɗe karin kumallo? In bakwai ne kai kuma shida da rabi za ka fara, nemi su haɗa maka a kwali tun da dare. Kuma kada ka manta ka tambaya ko za a yi gyaran girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da kowane rami, a makon da za ka je. Akwai lokacin da ake huda shi da inji a zuba yashi don ciyawa ta sha iska. Aikin dole ne, amma ƙwallo ba ta gudu daidai na kwanaki.

In amsoshin sun zo, nemi farashi biyu: na komai-a-ciki, da na karin kumallo da abincin dare kawai. Cire ƙaramin daga babban, ka raba da yawan kwanaki. Abin da ya fito shi ne kuɗin da za ka biya kullum don abincin rana da lemo da shayi. In kai kaɗai ne ko da abokan wasa, sau da yawa za ka ga bai kai ba, gara ka ɗauki ƙaramin tsarin ka zuba rarar a golf. In kuwa da Hajiya da yara ne, waɗanda za su wuni a otal, yara na shiga suna fita wajen askirim da lemo, komai-a-ciki ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Wasu otal ɗin suna da tsarin da babu giya a ciki a farashi mai sauƙi. Ba kasafai suke tallarsa ba, sai ka tambaya.

Takardu da kuɗi

Fasfo ya kasance da saura aƙalla wata shida da shafuka marasa hatimi. Dokokin shiga suna sauyawa, don haka duba shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da kanka kafin ka yanki tikiti, kada ka dogara da labarin wanda ya je bara. Ko'ina za ka je, buga takardar otal da tikitin dawowa ka riƙe a hannu, domin mai koren fasfo yana shan tambaya a bakin kanta. Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta tun Oktoban 2024, dala 44 ga babban mutum, ko da kana da wata.

Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga mai fitowa daga Nijeriya. Jami'an lafiya na filin jirgi ne ke bayarwa, allurar sai ta kwana goma kafin ta fara aiki a takarda, kuma tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Akwai zazzaɓin cizon sauro a gaɓar Kenya da Zanzibar, babu a Morishus. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya ɗebi wanda zai ishe shi a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita. Duk maganin da ke da kodin ko tiramadol kada ya shiga jakarka babu wannan takardar, musamman in za ka ratsa ƙasashen Larabawa.

Batun kuɗi, je bankinka ka ji iyakar abin da katinka zai iya kashewa a waje. In za ka canji dala a Wapa, nemi sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, domin a gabashin Afirka suna ƙin tsofaffi, ka haɗa da ƙananan canji saboda tukwici. Abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan.

Jakar golf da sauran kaya

Kowane kamfanin jirgi da dokarsa kan kayan wasanni: wani ya ƙirga jakar golf cikin jakunkuna biyu masu kilo 23 da ya ba ka, wani ya caje ka daban. Nemi amsar a rubuce, kuma in akwai ƙaramin jirgi a hanyarka, kamar wanda ke tashi daga filin Wilson na Nairobi zuwa Ukunda da ke gefen Diani, sani cewa kilonsa kaɗan ne ƙwarai.

Ga yadda ake ɗaure ta. Kwance kan doguwar sandar bugun farko in irin mai kwancewa ce, ka naɗe shi a safa ka sa a jakar hannu. Tara sauran sandunan wuri ɗaya, ka cusa tawul tsakanin kawunansu don kada su gogi juna. Samo sandar tsintsiya ko bututun roba da ya ɗan fi duk sandunanka tsawo, ka tsayar a tsakiya, yadda in an jefar da jakar ta kai, shi zai sha dukan. Ɗauki hoton komai kafin ka zuge. Takalmin wasa da safar hannu da 'yan ƙwallaye su zauna a jakar hannu. In babbar jaka ta makara a Addis, za ka yi hayar sanduna ka buga abinka. Doka sanda 14 ce, kada ka wuce. Ƙwallo kuwa ɗebi da yawa daga gida. Filayen can akwai tafkuna da kurmi, kuma a shagon otal tsadarta ba a magana.

Riga mai kwala, wando na yadi ba jins ba, takalmi mai ƙusoshin roba. Safar hannu uku ko huɗu, domin gumi na jiƙa ɗaya kafin rami na tara. Karɓi shaidar handikaf ɗinka, wato lambar da ke nuna matakin ƙwarewarka, daga sakataren kulob, wasu filayen suna nema. Kada ka ƙunshe kaya a leda kamar yadda muka saba: Kenya ta haramta ta tun 2017, Tanzaniya tun 2019. Yaji a rufaffiyar roba ba laifi. Kilishi da dambun nama bar su a gida, dokar shigo da nama tana da tsauri, musamman a Morishus.

Gyara wasanka kafin ka tashi

Wannan ne abin da masu zuwa daga arewa suka fi rainawa. Ƙasarmu a rani tauri gare ta, ƙwallo na sauka ta yi ta gudu, sai mutum ya ɗauka ƙarfinsa ne. A bakin teku ciyawa na da kauri da laima, inda ƙwallo ta faɗi kusan nan take tsayawa. Nisan da ta yi a sama shi ne naka. Saboda haka makonni kafin tafiya, auna inda kowace sanda take sauke ƙwallo, ba inda ta gangara ta tsaya ba, kuma in ka isa ka ƙara sanda ɗaya a kan abin da ka saba.

Wanda ya koyi wasa a kan burawun, yashin nan da ake sharewa kafin a tura ƙwallo rami, zai ga girin na ciyawa wata duniya ce daban. Ya fi sauri, yana da gangara, ciyawar kuma tana kwantawa gefe ɗaya. Tsaya bayan ƙwallonka ka dubi rami: in ciyawar na sheƙi, tana kwance ta inda za ka tura, ƙwallo za ta yi gudu; in ta yi duhu, tana fuskantarka, sai ka ƙara ƙarfi. Ka sayi ɗan cokalin gyara tabon da ƙwallo ke bari a girin, ka koyi amfani da shi. Ramin yashi in ka fita ka share sawunka. Neman ƙwallon da ta ɓace minti uku ne kacal tun dokar 2019. Iskar teku kuma tana tashi ne da hantsi zuwa la'asar. In tana gabanka kada ka ƙara ƙarfi, ɗauki doguwar sanda ka buga a hankali, ƙwallon ta bi ƙasa-ƙasa.

Bayan ka isa

Kenya da Zanzibar sun riga mu da awa biyu, Morishus da awa uku. Ranar farko ta hutu ce. Da yamma ka taka zuwa ofishin golf, ka gaisa da su, ka tabbatar da lokutan wasanka na mako duka, ka ɗan gwada girin na atisaye. A kantar karɓar baƙi ta otal za su ɗaura maka ɗan madauri a hannu, alamar tsarinka, su kuma riƙe wani kuɗi a katinka na jingina. Tambayi nawa ne da ranar da za a sake shi.

Tsarin yini mafi dacewa da mu a bayyane yake: sallar Asuba, shayi, fili. A Mombasa rana na fitowa wajen ƙarfe shida duk shekara, rami 18 kuma yana cin awa huɗu zuwa huɗu da rabi, ka ga kafin Azahar ka dawo ka yi wanka. Kada ka ce ai ka saba da zafin Kano. Namu busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Na can gumin zama yake yi a jiki, mutum ya galabaita bai ankara ba. Sha ruwa kowane rami biyu, sa hula mai faɗi, shafa man kariya daga rana a wuya da hannu ko da fatarka baƙa ce. Kada ka buga kwana shida a jere, bar kwana ɗaya a tsakiya.

Alƙibla ba gabas ba ce a can. A Mombasa da Zanzibar kusan arewa sak take, a Morishus arewa maso yamma. Duba da wayarka nesa da ƙarfen gado, ko ka tambayi ma'aikata, Musulmi suna da yawa cikinsu. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba ya ƙasaru, don haka mai mako guda cika sallarsa zai yi. Juma'a kada ka sa wasa mai tsawo. Masallatai na nan a Ukunda da ko'ina a Zanzibar, a Morishus ga babban masallacin Juma'a na Port Louis da wasu a garuruwa.

A ɗakin cin abinci, nemi shugaban masu girki tun daren farko ka tambaye shi wane nama ne na halal. Ana ajiye naman alade a teburin karin kumallo na otal da yawa, wani lokaci cokali ɗaya ke yawo tsakanin tire biyu. Miyar da aka zuba wa nama da wasu kayan zaƙi ma ana sa musu giya. Kifi da jatan lande gasassu, shinkafa da kwakwa, filau da biriyani, waɗannan kaɗai sun ishe ka mako guda ba ka gaji ba. A Diani rufe ƙofar baranda in za ka fita, birai na shiga ɗaki su kwashe sukari da 'ya'yan itace.

In da iyali ka je, faɗa musu gaskiya tun daga gida cewa shigar bakin ruwa a can ba irin tamu ba ce. Nemi ɗaki nesa da mashaya da dandalin kiɗan dare, ka tambayi dokar kayan ninƙaya na rufe jiki kafin ka biya. Yawancin yaranmu ba su iya ruwa ba, kuma ba kowane otal ke da mai tsaro a gefen ruwa ba. Kafin ka tafi fili, a san babban da idonsa ke kansu. Jar tuta a bakin teku na nufin kada a shiga. Takalmin roba na kare ƙafa daga ƙayar halittun da ke maƙale a duwatsun ruwa.

Ranar tashi

Nemi takardar lissafinka tun daren jajibiri, ka zauna da imel ɗin da suka aiko maka ka bi layi-layi: motar fili, wanki, ruwan kwalba, abin cikin firjin ɗaki. Duk abin da ya saɓa, da dare ake gyara shi cikin natsuwa, ba da safe direba na jira ba. Sallami kadinka hannu da hannu. Wanke sanduna da ruwan famfo ka goge su tas, domin gishirin iskar teku na kawo tsatsa, ka kankare ƙasa da ciyawar ƙasan takalmi. Daga Diani zuwa filin jirgin Moi na Mombasa, ce wa direba ya bi sabuwar hanyar Dongo Kundu maimakon jiran jirgin fito na Likoni, kuma ka fita da wuri, domin jakar golf ba ta bin bel ɗin sauran kaya, kantar manyan kaya ake kai ta daban.